Daga Word Zuwa draw.io: Yadda Wata Ɗaliba Ta Fara Zanen Tsari, da Abin da Zanen Ya Tono a Kemis ɗin Kawunta

Duk wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta a kwalejin fasaha ko jami'a a Najeriya ya san babi na uku na kundin kammala karatu. A nan ɗalibi ke bayanin yadda ya tsara manhajar da ya ce zai gina, kuma a nan malami ke neman zane-zane: zanen tafiyar aiki daga farko har ƙarshe, zanen da ke nuna su wa za su yi amfani da manhajar da abin da kowa zai yi da ita, sai zanen alaƙar bayanan da za a adana. An koyar da ma'anar waɗannan a aji, har an yi jarrabawa a kansu. Abin da ba kasafai ake koyarwa ba shi ne da me za a zana su. Daga nan sai a bar ɗalibi da kwamfutarsa.

Lamarin da zan bi na wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe ta babbar difloma. Aikinta shi ne manhajar lura da kaya da ciniki ta ƙaramin kemis. Ta zaɓi batun ne saboda kawunta na da kemis a unguwarsu, tana zama masa a shago lokacin hutu, don haka a ganinta ta san aikin ciki da bai. Na shigo maganar bayan malamin da ke duba kundin ya dawo mata da babin, kuma ranar kare kundi ta fara matsowa.

Zane uku ta kai masa. Na alaƙar bayanai daga intanet ta ɗauko shi, kuma bai ɓoyu ba: akwai teburin (wato rukunin bayanan) kamfanin inshorar lafiya a ciki, da na likitan da ya rubuta magani. Alhali kemis irin na kawunta, bisa lasisin da hukumar kula da harkar magunguna ke bayarwa, magungunan da ba sa buƙatar takardar likita kaɗai aka yarje masa ya sayar. Malam ya zagaye teburan biyu da jan biro, ya sa alamar tambaya, bai ƙara komai ba.

Sauran biyun ita ta yi su da kanta a Microsoft Word, kuma tasu matsalar daban ce. A kwamfutarta komai na zaune daram. Da aka buɗe fayil ɗin a shagon buga takardu, rubutun sama ya ɗan motsa, akwatuna suka sauka, kibiyoyi suka tsaya inda suke. Wata kibiya tana nuna fili, wata ta ratsa cikin akwati, kalmar "eh" kuwa tana can gefen shafi ita kaɗai. Mai shagon ba shi da laifi. A Word kibiya ba ta manne wa akwati sai an fara buɗe filin zane na musamman a cikin shafin, an zuba komai a cikinsa. In ba haka ba, kibiyar tana nan ne kamar akuyar da aka tsayar kusa da turke ba a ɗaure ba: za ka rantse a ɗaure take, sai ranar da wani abu ya motsa.

Wannan shi ne bambancin da ya kamata mai farawa ya kama kafin komai. Zanen tsari ba hoto ba ne. Abubuwa ne da alaƙar da ke tsakaninsu, kuma manhajar da aka yi don wannan aiki tana riƙe da alaƙar ne, ba wurin da layi ya faɗa a kan takarda ba. In ka ce mata akwatin nan yana kai wa ga wancan, ta riƙe, ko ina ka ja su.

Zaɓen manhaja

Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne Visio, don sunansa ta taɓa ji a bakin malamai. Visio ne ya yaɗa wannan salo na jawo siffa daga gefe a sauke a fili a haɗa da layi. Wani kamfani a birnin Siyatil na Amurka, mai suna Shapeware a lokacin, shi ya fitar da shi a 1992, Microsoft kuma ya saye kamfanin a 2000. Sai dai ba ya cikin tarin Office da aka saba sa wa mutane a kwamfuta. Sayen sa ake yi daban. Na san abin da ɗalibai ke yi a irin wannan hali: a je wajen masu gyara a sa na sata. Ban ba ta wannan shawara ba. Ko an ajiye maganar haƙƙi a gefe, kwamfutar da ke ɗauke da kundin mutum na shekara guda ba wurin gwada fayil ɗin da ba a san asalinsa ba ce.

Lucidchart yana da kyau, amma a burauza yake aiki, sai an yi rajista, sai da data, kuma na kyautar yana da iyakar yawan zane da yawan siffofi. Dia kyauta ce, ba ta da nauyi, amma an daɗe ba a sabunta ta ba. LibreOffice Draw yana da layukan da ke mannewa, zai iya aikin, sai dai ba shi da wadatar siffofin da babi na uku ke nema a shirye.

Muka tsaya a kan draw.io, wanda kamfanin JGraph na Ingila ya ƙirƙira. Kyauta ne, ba ya tambayar suna ko imel, kuma bayan wanda ake buɗewa a burauza akwai wanda ake saukewa a Windows, macOS ko Linux, ya yi aiki babu intanet sam. Wannan na ƙarshen shi ya yanke mana hukunci. Wanda ke aiki da cajin da ya samu da rana da datar da yake tattali ba ya son manhajar da za ta tsaya tana jiran layi. Akwai ɗan ruɗanin suna da ya kamata a sani: a 2020 kamfanin ya mayar da adireshin manhajar zuwa diagrams.net, don haka za a riƙa cin karo da sunayen biyu. Abu ɗaya ne.

Akwai wani gida daban da ban kai ta ba, inda ba a ja da linzamin kwamfuta, rubutawa ake yi manhaja ta zana. Graphviz, wanda ya fito daga ɗakunan bincike na kamfanin AT&T, shi ne tsohon cikinsu. Mermaid ya zo a 2014, kuma tun 2022 GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ke nuna zanensa kai tsaye. Ni kaina su na fi so in zanen zai riƙa canzawa tare da manhaja. Amma wadda ba ta gama sanin abin da take son zanawa ba, ƙara mata koyon wani yaren rubutu ɗora kaya ne a kan kaya.

Zaman farko

Fuskar draw.io kashi uku ce. Hagu siffofi, tsakiya filin zane mai layukan awo, dama kuma wurin gyara launi, rubutu da jeri na duk abin da aka zaɓa. A ƙasan hagu akwai maɓallin ƙaro wasu siffofi, kuma nan ne tarkon farko yake. Akwai na UML (ƙa'idar alamomin zanen tsarin manhaja), na alaƙar bayanai, na wayoyin lantarki, na taswirar ɗaki, na na'urorin Cisco, na AWS, ga su nan birjik. Ta kunna kusan duka, ta shiga kallo. Na sa ta kashe su ta bar uku: na tafiyar aiki, na UML, da na alaƙar bayanai. Sannan ta mayar da girman shafi A4, ta adana fayil ɗin da suna tun kafin ta ja akwati ko ɗaya.

Darasin farko bai wuce akwati biyu da kibiya ɗaya ba. In aka ɗora linzami a kan siffa, ƙananan alamu na fitowa a gefunanta, da kibiyoyi huɗu masu launin shuɗi a sama, ƙasa, dama da hagu. Daga nan ake jan layi zuwa siffa ta biyu. Mannewar iri biyu ce. In ka saki layin lokacin da duk gefen siffar ya yi shuɗi, ya manne wa siffar gaba ɗaya, kuma zai riƙa zagaye ta yana neman hanya mafi kusa duk sanda aka matsar da ita. In kuwa ka sake shi a kan ɗigo guda lokacin da ya yi kore, a wannan ɗigon zai zauna, ba zai bar shi ba. Akwai kuma na uku da ba a so: ka saki layin daf da siffar, ya yi kamar ya taɓa, alhali bai kama komai ba. Maganinsa gwaji ne mai sauƙi da na ce ta mayar al'ada. Duk kibiyar da ta ja, ta kama akwatin ta ɗan girgiza shi. In kibiyar ta biyo, shi ke nan.

Haka ma rubutun kan layi. Da can tana ƙirƙirar ƙaramin akwatin rubutu ta sa "eh" ta ajiye kusa da kibiya, shi ya sa kalmar ta yi batan dabo a shagon buga takardu. A nan danna layin ake yi sau biyu a rubuta, rubutun ya zama na layin, ya bi shi duk inda ya je. Daga waɗannan sai 'yan gajerun hanyoyi: Ctrl da D don kwafin siffa, Ctrl da Z don janye kuskure, Ctrl da S a kai a kai saboda wuta. A gaskiya iyakar abin da ake buƙata ke nan don farawa. Sauran duk ado ne, ana tsintar sa a hanya.

Siffofin kuwa ba ra'ayi ba ne, suna da tarihi da ƙa'ida. Frank da Lillian Gilbreth ne suka gabatar da zanen tafiyar aiki ga ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka a 1921, don nazarin aikin masana'anta. Herman Goldstine da John von Neumann suka ɗauko dabarar zuwa tsara aikin kwamfuta a 1947, sannan ƙa'idar ISO 5807 ta 1985 ta tattara alamomin da ake amfani da su. Mai siffar ƙwai farawa ne ko ƙarewa. Akwati mai kusurwa huɗu aiki ne. Mai karkatattun gefuna shigar da bayani ne ko fitar da shi. Murabba'in da ke tsaye a kan kusurwarsa tambaya ce. A zanenta na farko ta zaɓi siffofi ne don kyau, har da tauraro a wajen biyan kuɗi. draw.io ba zai hana ka ba. Ba ya duba ma'ana ko kaɗan. Zai bar ka ka zana tambaya mai amsa ɗaya, ko hanyar da ba ta zuwa ko'ina, ya fitar maka da ita fes. Don haka na ba ta doka biyu da za ta duba da idonta: kowace tambaya sai da hanyar "eh" da hanyar "a'a", kuma kowace hanya in aka bi ta da yatsa sai ta kai ƙarshe.

Inda zanen ya fara magana

Zanen tafiyar cinikinta miƙaƙƙen layi ne: mai saye ya zo, ya faɗi magani, a duba, ya biya, a ba shi rasit, an gama. Da ta sake zana shi da dokokin nan biyu, "a duba" ya zama tambaya: akwai maganin? Hanyar "eh" ta sauka ƙasa. Hanyar "a'a" ta ja ta dama, ta tsaya tana tunani, sannan ta kai ta ga "an gama". Na tambaye ta ko haka kawu ke yi, mutum ya zo babu magani a ce masa sai an jima. Ta ce a'a, amma ba ta iya faɗin abin da yake yi a jere ba.

Sai na ce ta rufe kwamfutar, ta ɗauki takarda da fensir ta tafi shagon, ta zauna ba a matsayin mai taya ciniki ba. Wannan ita ce shawarar da nake ganin ta fi duk wadda na ba ta a kan manhaja. A gaban kwamfuta hankali na tafiya wajen daidaita akwatuna da zaɓen launi, mutum ya ji yana aiki alhali tunanin bai motsa ba. Takarda ba ta da abin wasa.

Abin da ta dawo da shi ya cika shafi biyu. In babu maganin da aka nema, kawu na fara duba ko akwai irinsa na wani kamfani, ya nuna wa mai saye. In ya ƙi, wani lokaci yakan tura yaron shago maƙwabcin kemis ya karɓo, a yi lissafi tsakaninsu daga baya. In can ma babu, sai ya rubuta sunan a takardar sayayyar da zai je da ita kasuwa. Hanya ɗaya ta "a'a" ta haifi tambayoyi uku. Sannan ga abin da ta sani sarai amma bai taɓa zuwa mata a matsayin matsalar manhaja ba: kawu kwali yake sarowa, amma kati ake saye, wani ma ƙwaya biyu zai ce a yanko masa. To da wanne manhajar za ta ƙirga abin da ya rage? Sai kuma bashi. A zanenta kowa na biya kafin ya tafi. Da ta nuna wa kawu wannan, dariya ya yi, ya jawo littafin da ke ƙarƙashin kanta ya ajiye mata.

Maganar bashin ce ta sa muka koma ga wani salo na zanen, wanda ake raba fili zuwa layuka, kowane layi na mutum ɗaya: mai saye, yaron shago, mai shago. draw.io na da wannan siffa a shirye, kuma duk akwatin da aka jefa cikin layi ya zama nasa, in an ja layin su tafi tare. Da ta zuba ayyukan, sai ga shi ƙarara cewa tambayar "a ba shi bashi?" ba ta taɓa faɗawa layin yaro. Kawu kaɗai ke yanke ta. Ma'ana manhajar na buƙatar shiga iri biyu, ta mai shago da ta yaro, kowanne da abin da aka yarje masa. A babinta na farko mai amfani ɗaya ne tak.

A nan ne mannewa iri biyun nan ta yi rana. A akwatunan tambaya ta yi amfani da ɗigon da ba ya motsi, ta yadda "eh" kullum daga kusurwar ƙasa take fita, "a'a" daga ta dama, mai karatu ya saba tun daga tambayar farko. Sauran layukan ta bar su suna neman hanyarsu. Inda layi biyu suka gicciye dole, akwai zaɓin da ke sa ɗaya ya yi ɗan tsalle a kan ɗayan, kada a ɗauka sun haɗu.

Zanen masu amfani bai ɗauki lokaci ba bayan wannan. Dabarar ta Ivar Jacobson ce, ta shiga cikin UML da ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta amince da shi a 1997. Ɗan mutum-mutumi biyu a waje, ayyuka a cikin siffofin ƙwai, babban akwati ya kewaye ayyukan. Kuskuren da na hana ta shi ne jera ayyukan da kibiyoyi kamar wannan na bin wancan. Wannan zane ba ya faɗin jeri, wa ke yin me kawai yake faɗi.

Ranar ƙarewar wa'adi ta wane ce?

Wurin da aikin ya fi zurfi shi ne zanen alaƙar bayanai. Ta fara da tebur mai suna magani: suna, kamfani, lambar rajistar NAFDAC, kuɗin saye, kuɗin sayarwa, adadin da ya rage, ranar ƙarewar wa'adi. Kowa zai kalla ya ce daidai ne. Dama babban abin da ta yi alkawari a babi na ɗaya shi ne manhajar za ta yi gargaɗi kafin magani ya lalace a kan kanta.

Na ce ta ɗauko kwalin farasitamol biyu na kamfani ɗaya daga shagon, wanda aka saro da daɗewa da na kwanan nan, ta cike teburin da su. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, lambar NAFDAC ɗaya. Amma lambar zubi, wato ta rukunin da aka sarrafa lokaci guda, da kamfani ya buga a jikin kowanne daban, ranar ƙarewar wa'adi daban, kuɗin da kawu ya saro su ma daban, don farashi bai tsaya ba. Gurbi ɗaya ne a teburinta na ranar, ga ranaku biyu a hannunta. In ta sa ta sabon, tsohon zai lalace manhaja ba ta ce uffan ba. In ta sa ta tsohon, za ta yi ta ƙarar ƙarya a kan kaya mai kyau.

Ranar ba ta maganin ba ce, ta zubin ce. Don haka sai an raba teburin biyu: magani ya riƙe abin da ba ya canzawa, zubi ya riƙe lambarsa, ranarsa, kuɗin sayensa da adadinsa, magani ɗaya kuma yana iya samun zubi da yawa. Daga nan ne ma manhajar za ta iya abin da masu harkar magani ke bi, wato a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Da a ce ta riga ta rubuta manhajar a kan tsohon teburin, wannan gyara zai taɓa kusan kowane sashe nata. A kan zane kuwa sabon tebur ta jawo, ta kwashe layuka uku zuwa cikinsa, ta ƙara na lambar zubi, ta cire kan layin da ke zuwa daga teburin ciniki ta manna shi a sabon wuri. Sauran zanen ya gyara zamansa da kansa. Teburan draw.io na barin a manna layi a kan jeri guda na cikin tebur, ba sai a gefen akwatin ba, don haka ana ganin takamaimai wace lamba ce ke haɗa tebur biyu.

Wata ƙaramar rigima ta taso a kan salo. Peter Chen, wanda ya kawo wannan zane a 1976, yana sa alaƙa a cikin murabba'i mai tsaye a kusurwa, kowane bayani kuma a siffar ƙwai da ke rataye da tebur. Ɗaya salon, wanda ake ce wa ƙafar hankaka, yana zuba bayanan cikin tebur, ƙarshen layi mai yatsu uku ya nuna ɓangaren "da yawa". Duka biyun na cikin rukuni ɗaya a draw.io, kuma ta gauraya su ba ta sani ba. Ra'ayina shi ne na biyun ya fi dacewa da A4, don na Chen da zarar tebur ya kai biyar ko shida ƙwayayen sun cinye shafin. Amma ba ni ke sa hannu a kundin ba. Na ce ta je ta tambayi Malam wanda yake so, ta bi shi daga farko har ƙarshe. Ya ce ta yi na biyun.

Daga fuskar kwamfuta zuwa takarda

Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da abin da suka tara, su ɗauki hoton fuskar kwamfuta su liƙa a Word, ya fito dishi-dishi da layukan awo a bayansa. draw.io na fitar da zane a PNG, SVG ko PDF. Ga Word, PNG muka zaɓa, ta ɗaga girmansa zuwa 300 cikin ɗari don rubutun ya fito tas a firinta. Tunda yanzu zanen hoto guda ne a cikin kundin, babu abin da zai watse komai yadda rubutun sama ya motsa.

Akwai zaɓi wajen fitar da PNG da ke cusa kwafin ainihin zanen a cikin hoton, ta yadda in an buɗe hoton a draw.io za a iya ci gaba da gyara. Yana da amfani, amma kada a dogara da shi shi kaɗai. In aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi, wannan kwafin ya tafi; sai dai a tura shi a matsayin takarda. Ainihin abin ajiya shi ne fayil mai ƙarshen .drawio, wanda rubutun XML ne kawai, ba shi da nauyi. Ta ajiye ɗaya a kwamfuta, ɗaya a Google Drive. Filashin da ke shiga kwamfutocin shagunan buga takardu ba ma'ajiya ba ce.

Launuka duk ta cire. Kundin baƙi da fari za a buga, kuma shuɗi mai duhu da baƙin rubutu a kansa ba ya karantuwa bayan fotokwafi. Matsala ta ƙarshe ita ce girma. Zanen cinikin ya yi faɗi bayan duk abin da kawu ya ƙara masa, in an matse shi a shafi ɗaya, ga kuma gefen hagu da ɗaurin kundi zai ci, rubutun sai da tabarau. Maimakon rage rubutu, ta raba shi uku a shafuka daban na fayil ɗaya: ciniki, rashin magani, bashi. Inda hanya ta bar wani shafi ta shiga wani, ta sa alamar mahaɗa mai harafi iri ɗaya a ɓangarorin biyu.

Malam ya karɓi babin da gyara ɗaya, kuma ba na zane ba ne. Ya ce abin da ta zana ya fi ƙarfin lokacin da ya rage mata, ta zaɓi abin da za ta gina, sauran ta rubuta shi a sashen iyakokin aiki. Ta gina ciniki da ƙirga kaya da ƙwaya, da teburin zubi da gargaɗin wa'adi, da shiga iri biyu. Bashi ta gina rabinsa: manhajar na rubuta wanda ya ci da adadin, amma ba ta bin biyan da ake yi kaɗan-kaɗan. Karɓo magani daga maƙwabcin kemis kuwa ta bar shi a zanen da layi mai ɗigo-ɗigo, da bayani a ƙasa cewa ba a gina shi ba, domin lissafin da ke tsakanin kawu da maƙwabcinsa babu shi a rubuce ko'ina, kuma da ta tambayi kowannensu yadda suke yi, amsoshin ba su zo ɗaya ba.